Canza mazaunin rak ɗin sitiyari a tsofaffin motocin gudu: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi ya shafi ƙananan motocin gudu na Ingila masu kujera biyu, waɗanda aka ƙera daga farkon shekarun 1960 zuwa 1980. Mun fi zurfafawa a kan Triumph, wato Spitfire da GT6 da TR4 zuwa TR6, saboda su ne masu mazaunin roba da ke yawan ba da ciwon kai. Herald da Vitesse ma tsarinsu ɗaya da Spitfire. Mun taɓa MGB da Jaguar E-Type da Lotus Elan a inda tsarinsu ya sha bamban. Duk adadin da muka kawo a gwada shi da littafin gyaran motar kafin a ɗaura noti, domin shekara da shekara sukan bambanta.

Mene ne mazaunin rak, kuma me ya sa ake damuwa da shi haka?

Rak ɗin sitiyari bututun ƙarfe ne da ke kwance a gicciye a gaban mota. A cikinsa akwai doguwar sanda mai haƙora, sai ɗan giya da ake kira finiyon yana tura ta hagu ko dama idan an murɗa sitiyari. Sandar ce ke tura tayarod, tayarod kuma ya juya taya. Duk ƙarfin da sandar ta tura taya da shi, haka tayar ke maido shi kan bututun ta ɗaya ɓangaren. Abin da ke riƙe bututun da casis don kada ya zame shi ne mazauni.

Idan mazaunin ya saki, murɗawar farko ta sitiyari ba ta isa taya. Bututun ne ke fara gusawa, sai ya kai maƙura sannan taya ta motsa. Zamewar milimita 3 a rak tana iya zama ɓatan motsi na yatsa biyu ko uku a bakin sitiyari. A Spitfire, wadda sitiyarinta ke zagaye uku da kashi uku cikin huɗu daga maƙura zuwa maƙura, wannan ya isa ya mayar da mota mai kaifin tuƙi ta zama mai yawo a titi.

Ta yaya zan tabbatar mazaunin ne ya mutu, ba wani abu ba?

Ana buƙatar mutum biyu, kuma tayoyi su kasance a ƙasa. In aka ɗaga mota da jak, nauyi ya sauka daga kan taya, rak ba zai nuna laifinsa ba. A Spitfire da GT6 aikin yana da sauƙi, tunda bonet ɗin gaba ɗaya yake buɗewa ya kifa gaba, ya bar inji da ƙafafu a fili.

A goge maiƙon da ke kan bututun kusa da mazauni, a manna ɗan salatif ko a ja layi da alli daidai bakin maƙallin ƙarfen da ke danne robar mazaunin. Mutum ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama, kamar tafin hannu ɗaya kowane ɓangare, da ɗan ƙarfi. Ɗayan ya zuba wa layin ido. Roba mai lafiya da aka ɗaura daidai tana ɗan numfasawa, abin da bai wuce milimita ɗaya ba. Idan layin na shiga yana fita ƙarƙashin maƙalli, mazauni ya gama aiki, ko kuwa tun farko ba a matse shi yadda ya kamata ba.

Kada a tsaya nan. Ana cikin kaɗawar, a bi hanyar ƙarfin tun daga sama. A dubi mahaɗin da ke tsakanin sandar sitiyari da finiyon. Na Spitfire yana da ƙananan robobi a cikinsa da ke ruɓewa, na TR6 kuma yana da faifan roba a sama. A kama tayarod ta cikin robar da ke rufe bakin rak a ji ko boljoyin na ciki, wato mahaɗin ƙwallo da ke haɗa tayarod da sandar, na ƙwanƙwasa. A duba kan tayarod na waje, da boris na taya, da taraniyon na ƙasa, wato mahaɗin da taya ke juyawa a kansa in an murɗa sitiyari. Sau da yawa ɓatan motsin ya rabu gida uku ko huɗu, kowanne da ɗan kasonsa. Wanda ya canza mazauni kaɗai ya bar sauran zai ce kayan da ya saya ba su da kyau, alhali kuwa sun yi nasu aikin.

Me ke kashe robar?

Baƙin mai, kafin komai. Rak ɗin Triumph yana zaune ne a ƙasan gaban inji, daidai inda sil ɗin murfin taimin, wato robar da ke tare mai a gaban inji, ke ɗiga. Roba ta asali in ta sha mai sai ta kumbura ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana, har a iya dangwalo ta da farce. Zafin inji da tsufa suna ƙarasa ta.

Na biyu shi ne taya. An zana waɗannan motoci ne a kan siraran tayoyi. Spitfire ta farko a 1962 da taya 5.20-13 ta fito. Yau za ka ga an sa mata 175/70 mai ɗanko, an kuma ƙara da ƙaramin sitiyari. Ƙarfin da ke bi ta rak lokacin da ake juya mota a tsaye ya ƙaru sosai, robar kuwa girmanta bai canza ba.

Saboda haka in inji na zubar da mai, a fara gyara sil ɗin. In ba haka ba, sabuwar roba ma kwananta ƙidayayye ne.

Roba, foliyuritan ko alminiyam: wanne ya fi?

Ya danganta da abin da ake yi da motar, amma muna da ra'ayi.

Roba ita ce ta fi shanye girgiza, kuma mota mai tayoyin asali da busasshen inji ba ta buƙatar fiye da ita. Matsalarta biyu ce. Ba ta jure mai, sannan ingancin robar da ake sayarwa yanzu hawa-hawa ne. Wata za ta yi shekaru, wata kafin shekara biyu ta tsattsage.

Foliyuritan wani nau'in roba ne na masana'anta da mai ba ya ci. Ana auna taurinsa da ma'aunin Shore A, kuma na ƙafar mota yawanci yana tsakanin 70 da 90. Siffarsa ɗaya da robar asali, yana shiga maƙallin asali, yana kuma riƙe ɗan toshen nailan da za mu yi bayaninsa a ƙasa. Ga motar da ake hawa a titi, wannan ne zaɓin da muka fi ba da shawara. Abu ɗaya dai: launinsa ba ya nuna taurinsa daga kamfani zuwa kamfani. Jan wannan kamfani na iya zama shuɗin wancan, don haka lambar za a tambaya.

Alminiyam tubali ne guda biyu a kowane ɓangare, na ƙasa da na sama, da suke rungume bututun, sai noti mai siffar U, wanda makanikai ke kira yubol, ya ɗaure su da casis. Babu sauran zamewa ko kaɗan. Sitiyari yana amsawa nan take, direba yana jin duk abin da tayar gaba ke taka. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Triumph: TR4 na farko-farko da mazaunin alminiyam suka fito daga masana'anta, daga baya kamfanin ya koma roba. Farashinsa shi ne dukan da ake sha. Ramin da roba za ta shanye rabinsa, yanzu gaba ɗayansa zai bi ta boljoyin na ciki, ya ratsa haƙoran rak, ya iso tafin hannu. A titi mai santsi ko filin tsere ba a damuwa. A titi mai ramuka kuwa, kayan rak za su riƙa gajiya da wuri, kuma duk ɗan sakin da ke jikin rak ɗin, wanda roba ke ɓoyewa, zai fito fili yana ƙara.

A taƙaice, mai tsere ko mai tuƙin ganganci a tsaunuka ya sa alminiyam. Mai yawon shan iska ya sa foliyuritan. Mai son mota ta zauna yadda ta fito daga masana'antar Triumph a Kobantiri ya nemi roba mai kyau ya ɗaura ta daidai.

Na sa sabuwar roba, amma rak bai daina zamewa ba. Me na yi ba daidai ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Mafi yawan waɗanda suka tsine wa mazaunin roba ba su taɓa ganin wanda aka ɗaura daidai ba.

Ga yadda tsarin yake. A jikin bututun rak akwai faifan ƙarfe biyu da aka yi wa walda, ɗaya kusa da kowane ƙarshe. Robobin suna zama ta cikin faifan nan. Kowane yubol yana da murfin ƙarfe da ke lulluɓe robar. Ramukan da ke jikin casis dogaye ne, ba zagayayyu ba, domin yubol ya iya gusawa gefe. A ƙarƙashi kuma akwai ɗan farantin ƙarfe mai lanƙwasasshen baki a kowane ɓangare. Ba matsewar yubol daga sama ce ke hana rak zamewa ba. Abin da ke hana shi shi ne a tura maƙallan biyu waje, kowanne ya danne robarsa a jikin faifan, sannan a ɗaure su a haka. Robobin biyu sai su zama suna tokare da juna, rak ya rasa inda zai nufa.

Littafin Triumph ya ce a tura har sai tazarar da ke tsakanin faifan rak da bakin murfin yubol ta zama kashi ɗaya cikin takwas na inci, wato kimanin milimita 3. Kamfanin yana da wani ƙarfen tokare na musamman don wannan aiki. Wanda ba shi da shi yana iya kama faifan da murfin tare da matsi mai siffar G ko filaya mai kulle, ya matse a hankali. Bakin rawar burtsatse mai kaurin milimita 3 ya isa ma'auni: a zura gindinsa a tazarar, in ya shiga da ɗan ƙyar to an kai. Ana riƙe da matsin, sai a tura farantin ƙasa ciki har lanƙwasasshen bakinsa ya jingina da casis, sannan a ɗaure notuna. Farantin nan shi ke hana maƙallin komawa baya. Mutane da yawa sukan juya shi baibai, ko su yar da shi su sa washa.

Akwai wata dabara in babu matsi. A ɗaure ɓangare ɗaya, a bar ɗayan sako-sako, tayoyi a ƙasa, wani ya murɗa sitiyari ya riƙe ta yadda bututun zai danne robar da aka riga aka ɗaure, a tura ɗaya maƙallin waje da ƙarfen banƙara a ɗaure. Tana aiki, sai dai ba ta kai matsi daidaito ba.

Foliyuritan ma haka ake yi masa. Da yake ya fi tauri, ba lallai ya matsu har tazarar ta kai milimita 3 ba. Abin nema shi ne ya zauna daram a jikin faifan da ɗan danni, ba tare da rata ba.

Yaya ake sa na alminiyam, daga farko zuwa ƙarshe?

Kayan da za a tanada: tubalan alminiyam na ɓangare biyu da yubol ɗinsu, sababbin notuna huɗu masu nailan a ciki, sifana da soket na rabin inci, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, burushin waya, man kwance tsatsa, fenti, da ƙafafun ƙarfe biyu na tsayar da mota. Notunan nan na inci ne, 5/16 UNF. Sifana mai milimita 13 tana shiga da ɗan rata, amma tana cinye kan tsohon noti. Noti mai nailan da aka kwance ba a maido shi a sitiyari.

Tun daren da ya gabaci aikin a fesa wa notunan ƙasa man kwance tsatsa. Da safe a miƙar da tayoyi, a sa wa na baya waigi, a ɗaga gaba a ɗora casis a kan ƙafafun ƙarfe. Kafin a taɓa komai a auna abu biyu a rubuta: nisan ƙasan bututu daga dandamalin casis a kowane ɓangare, da nisan faifan rak daga gefen casis. Su ne za su nuna ko rak ya koma inda yake.

A sassauta notin da ke matse mahaɗin sitiyari a kan finiyon, a yi wa mahaɗin da finiyon alama da fenti. Ba dole a zare shi ba, ana so ne kawai rak ya samu damar ɗagawa. A kwance notuna huɗu na ƙasa, a lura da wayar da ke maƙale a ɗaya daga cikinsu, a zare yubol ta sama. Tsohuwar robar a tsage take ta ƙasa, ana buɗe ta a fizge ba sai an cire rak ba.

Yanzu a tsaya a dubi dandamalin da kyau, domin a nan ake samun abin da ba a zata ba. A kankare shi har farin ƙarfe. A nemi tsaga a kewayen ramuka da layin walda, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko ya lotsa. Motar da ta taɓa dukan dakalin titi takan lanƙwasa shi. Roba tana yafe ɗan karkata, alminiyam ba ya yafewa. In akwai tsaga, walda ce farko. Bayan nan a shafa fenti a bar shi ya bushe, a kankare bututun ma inda tubalin zai kama. Alminiyam da ƙarfe in suka haɗu da danshi suna cin juna, fentin ne shamaki.

A zura tubalin ƙasa, a kwantar da rak, a ɗora na sama, a saka yubol da farantin ƙasa, a kama notuna da hannu kawai. A tura tubalan waje su jingina da faifan rak in ƙirarsu ta ba da dama, domin ko da matsin ya ɗan saki wata rana, faifan ya tare. A gwada awon da aka rubuta. A juya bututun kaɗan har finiyon ya fuskanci sandar sitiyari ba tare da tanƙwara mahaɗi ba. Sannan a ɗaure notunan bi da bi, rabin zagaye nan rabin zagaye can, har a kai kimanin Nm 19 zuwa 22, wato lb-ft 14 zuwa 16 a tsohon ma'aunin Ingila, sai in mai ƙera kayan ya ba da nasa adadin. A ƙarshe a ɗaure notin mahaɗi, a tabbatar ya ratsa ta cikin kwarin da ke jikin finiyon. Wannan kwarin ne ke hana sandar sitiyari zarewa a hannun direba.

Aikin awa biyu ne in tsatsa ba ta yi gardama ba.

Bayan na sa alminiyam ina jin ƙas-ƙas daga ɓangaren fasinja. Daga ina?

A yawancin rak ɗin Triumph na baya-baya akwai ɗan rami a jikin bututu, ta ƙarshen da ke nesa da finiyon. A cikinsa akwai ɗan toshen nailan, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wanda ke danne sandar haƙora don kada ta yi rawa. Robar mazauni ce ke riƙe shi. Da an cire roba yakan faɗo ƙasa ba a gani ba, ko kuwa tubalin alminiyam ya zauna gefe ya bar shi a buɗe. A nemo sabo a saka, a ɗora ɗan yankin roba a kansa, a ɗaure da kilif irin na tiyon lagireto, ba da ƙarfi sosai ba. In toshen yana nan amma ƙarar ba ta tafi ba, bushin da ke ƙarshen bututun ya cinye, kuma wannan sai an sauke rak.

Odar mota ta daina kuka tun da na taɓa mazaunin. Meye haɗinsu?

Madannin oda da ke tsakiyar sitiyari yana aiki ne ta hanyar haɗa waya da jikin mota. Wutar tana bi ta sandar sitiyari, ta tsallake robar mahaɗi ta wata 'yar waya, ta shiga rak, sannan ta bi wata wayar daga murfin finiyon zuwa notin yubol. Roba da foliyuritan ba sa ɗaukar wuta, don haka in aka manta wayar nan oda ta mutu, ko ta riƙa kuka sai an murɗa sitiyari. Ko da alminiyam aka sa a maido ta, tunda sabon fenti na iya tare wutar.

Sitiyari ya yi nauyi, ko yana cijewa a wani wuri, kuma ba ya dawowa tsakiya da kansa

Kada a hau titi da shi haka. A ɗaga gaba, a murɗa daga maƙura zuwa maƙura da yatsa ɗaya. Nauyin ya zama iri ɗaya duk tsawon tafiyar. In ba haka ba, a sassauta notuna huɗu na yubol a sake gwadawa. Idan ya saki, to mazaunin ne, kuma dalilin ɗaya ne cikin uku: an matse fiye da kima har bututun ya ɗan lotse, ko dandamalin biyu ba su daidaita ba sai ɗaurin ya tanƙwara bututun, ko finiyon bai fuskanci sanda ba. Na biyun ana gane shi da zura siririn ma'aunin rata a ƙarƙashin tubali kafin a ɗaure, kuma ana gyara shi da siririn ƙarfen cike, wanda ake kira shim. In an sassauta bai saki ba, laifin yana cikin rak ko a taraniyon da ya bushe.

A GT6 da Vitesse akwai ƙarin abin dubawa. Injin mai silinda shida yana zaune dab da rak, kuma in injin-sit ya kwanta, kaskon baƙin mai yana iya goga bututu ko kan yubol. Tubalin alminiyam da ya fi na asali tudu yana ƙara tsananta wannan. A bar rata da yatsa zai iya shiga, domin inji yana motsi in ana tafiya.

An ce kauri ko tsayin mazauni yana canza tuƙi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma nan ne kayan araha ke cutar da mutane. Idan taya ta hau tudu, hannuwan ƙafa suna zana baka, tayarod ma yana zana nasa. Injiniyoyi sun ajiye rak a tsayin da bakunan biyu za su yi kusan tafiya tare. In rak ya hau ko ya sauka, tayarod zai riƙa jan taya ciki ko tura ta waje duk lokacin da ƙafa ta motsa, ba tare da direba ya taɓa sitiyari ba. Alamar ita ce mota tana fizga gefe in taya ɗaya ta faɗa kwari, ko tana rawa in an taka burki da ƙarfi. Bambancin milimita 2 ko 3 ya isa a auna shi a taya. Shi ya sa muka ce a auna tsayin bututun kafin a kwance. A lura dai, tsohuwar roba da ta narke ta riga ta sauke rak ɗin, don haka gwada kaurin gindin tubali da na sabuwar roba ya fi inganci.

Mai son tabbatarwa zai iya aunawa a gida. A cire sifirin da shokazoba, a kulle sitiyari a tsakiya, a manna ɗan fitilar leza a fuskar faifan burki tana haska bango a gaba, nisan mita 3 ko 4. A ɗaga ƙafar da jak milimita 10-10, ana yin ɗigo a bango. Layin da ɗigon ya bi shi ke nuna yadda taya ke juyawa. A ƙara ko a rage shim a ƙarƙashin mazauni, a sake, har layin ya fi miƙewa a tsakanin milimita 40 sama da 40 ƙasa da tsayin zaman mota.

Lotus Elan, wadda ke amfani da rak ɗin Triumph, tun daga masana'anta ake saka mata shim a ƙarƙashin mazauni gwargwadon kowane casis. Wanda ya kwance ya haɗa su wuri ɗaya ya manta na hagu da na dama, ya jawo wa kansa aikin yini guda.

Ina da MGB. Wane mazauni zan saya?

Babu. MGB, da aka ƙera a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, rak ɗinta a ɗaure yake kai tsaye da notuna huɗu a kan ƙafafu biyu da ke jikin gicciyayyen ƙarfen gaba. Babu roba a tsakani. Robar tana wani wurin: gicciyayyen ƙarfen kansa yana maƙale da jikin mota ta kan matasan roba takwas, huɗu a sama huɗu a ƙasa. Idan suka ruɓe, ƙafar gaba gaba ɗaya tare da rak ce ke motsi. Su ake canzawa da foliyuritan.

Abin da ke da haɗari a MGB shi ne daidaita finiyon da sandar sitiyari. Mahaɗi ɗaya ne tak a tsakaninsu, don haka dole layin sandar da layin finiyon su haɗu daidai a tsakiyarsa. Ana cire mahaɗin, a sa wa kowane baki ɗan ƙarfe mai tsini, a yi ta ƙara shim tsakanin rak da ƙafafunsa har tsinin biyu su sumbaci juna. In aka tsallake wannan aka ja rak da ƙarfin noti, sitiyari zai yi nauyi, boris na finiyon ya ci wuya, ƙafafun kuma su fara tsagewa a gindin walda. Duk lokacin da aka canza matasan roba takwas ɗin nan, tsayin rak ya canza, sai an sake wannan awon. Motocin da aka sa wa faffaɗar taya ko injin V8 sukan amfana da ƙarin ƙarfen tallafi da ake yi wa ƙafafun walda.

A kula kuma, rak ɗin MGB na asali man giya mai lamba 90 yake sha, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na lita. Na Triumph giris ne, ta kan murfin finiyon, bugu biyar na famfon giris kawai, don kada robar baki ta kumbura ta fashe.

Jaguar E-Type fa?

Nata mazaunin faranti biyu ne na ƙarfe da aka manne roba a tsakaninsu. Idan mai ya ci mannin, farantan sukan rabu. Saboda haka ne aka sa notunan tsaro da ke ratsa wurin, masu ɗan rata, waɗanda ba sa aiki sai ranar da roba ta saki. Kuskure biyu ake yi da su: a cire su a ce ba su da amfani, ko a matse su tam har su kashe aikin robar. Ko an koma foliyuritan, a bar su a wurinsu da ratar da littafi ya faɗa.

Dole ne a yi alaimen bayan aikin?

Dole. Ko da ba a taɓa tayarod ba, rak ya ɗan gusa. A fara da tsakaita rak: a ƙirga zagayen sitiyari daga maƙura zuwa maƙura, a raba biyu, a tsaya a nan. A gyara kawunan tayarod har tayoyi su miƙe, zaren da ya rage a waje ya zama kusan daidai hagu da dama. Sai bayan nan, in sitiyarin ya karkace, a zare shi a miƙar. Wanda ya miƙar da sitiyari ta hanyar tsawaita tayarod ɗaya da gajarta ɗayan zai samu mota mai juyawa dama fiye da hagu.

Zaren tayarod na Triumph 20 ne a inci ɗaya, wato zagaye ɗaya milimita 1.27 ne, kuma a bakin taya abin yana fin haka. A tafi da rabin zagaye. Yawancin waɗannan motoci suna son gaban tayoyi ya ɗan tsuke ciki, daga sifili zuwa milimita 3 gwargwadon mota da shekara. Wasu littattafan Triumph suna ba da adadin ne da nauyi a kan kujeru, a duba kafin a auna. A tura motar baya da gaba tsawon mota ɗaya bayan kowane gyara don ƙafa ta zauna.

Akwai batun doka ko inshora?

A Birtaniya, tun watan Mayun 2018, motar da ta haura shekara 40 ba ta cikin tilascin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, muddin ba a yi mata babban sauyi ba. Ma'anarsa babu wani mai duba da zai gano rak mai zamewa in mai mota bai duba da kansa ba. Mazaunin alminiyam sauyi ne daga yadda yawancin motocin suka fito, don haka a sanar da kamfanin inshora. Masu shiga gasar tsofaffin motoci su karanta ƙa'idar ajinsu kafin su saya.

Yaushe zan sake duba ɗaurin?

Bayan kilomita 150 zuwa 200 na farko. Fenti yana lotsewa a ƙarƙashin alminiyam, foliyuritan ma yana ɗan kwanciya, sai noti ya yi sako-sako ba tare da ya juya ba. A sake ɗora sifana mai awo a kan notuna huɗun yubol, a duba notin mahaɗi, a maimaita gwajin salatif da tayoyi a ƙasa. Daga nan sai duk lokacin juyen mai, da kuma duk ranar da tayar gaba ta daki rami ko dakali da ƙarfin da ya fizge sitiyari daga hannu.